Wa Ya Buɗe Inji Na Uku

Kafin in iso an riga an wanke jinin. Sun wanke shi da sabulu da ruwan zafi har simintin da ke gaban inji na uku ya fi ko'ina haske a masana'antar, kuma wannan hasken ne ya fara ɓata mini rai. Kamfani ne da ke sayen tsofaffin robobi, ya niƙa, ya narka, ya fitar da bokitai da kujeru. Inji na uku shi ne mai niƙa, bakinsa zai ɗauki mutum har ƙugu, ga wuƙaƙe jere a ciki. Makon da ya wuce wani bakanike da ake kira Dogo ya zura hannu yana cire wayar da ta sarƙe wuƙaƙen, injin ya tashi, ya tafi da hannunsa na dama har gwiwa.

A jikin bangon da ke kusa wani ya rubuta da jan fenti cewa Helma makashi ne. Masu wanke jini ba su ga wannan ba.

Sufeton da ke riƙe da maganar shi ya kira ni. Sana'ata bin sawu ce, sai dai ba a ƙasa nake binsa ba, a cikin kwamfuta nake binsa: wa ya shiga, me ya tarar, me ya taɓa, me ya bari. 'Yan sanda kan neme ni idan laifi ya bi ta na'ura, kuma yawanci ba ra'ayina suke so ba, sa hannuna suke so a kan abin da suka riga suka yanke.

Ya yi mini bayani muna tsaye a gaban injin. A da, bakanike kan rataya kwaɗo a jikin makunni kafin ya shiga inji, ya sa mabuɗin a aljihunsa. Da aka kawo kwamfuta sai aka ce kwaɗo ƙauyanci ne. Yanzu kowane inji yana da layinsa guda a rumbun bayanan kamfani. Bakanike ya buɗe layin ya sa "a kulle", to ko mai kunnawa ya danna maɓalli har yatsansa ya kumbura inji ba zai motsa ba. Ranar da abin ya faru Dogo ya kulle kamar yadda ya saba. Jim kaɗan Helma, shugaban masu aikin safe, ya adana gyara a kan wannan layin, layin ya koma "a buɗe". Mai kunnawa ya ga kore, ya danna.

Dalili ma ba sai an nema ba, in ji Sufeto. Helma yayan matar Dogo ne, uwa ɗaya uba ɗaya. An ɗauko shi daga wani reshen kamfanin aka ba shi kujerar da kowa ya ɗauka ta Dogo ce. Kwanaki kaɗan kafin abin sun yi cacar baki a gaban ma'aikata, Dogo yana nuna shi da yatsa, Helma ya ce masa in bai sauke hannun nan ba zai rasa shi.

"To me ya rage, Hajiya?" Sufeto ya miƙo mini takardar da kamfani ya buga masa. "Ga sunansa, ga lokaci. Ki duba ki sa hannu mu miƙa shi kotu."

Na ce masa ni ba na sa hannu a tsaye.

*

Labari ya riga ni shiga cewa an kawo wata mata ta wanke Helma. Na yi sallama a ɗakin injuna, mutum biyu suka amsa a ciki-ciki, sauran suka ƙara wa rediyo murya. Duk wanda na yi wa tambaya amsa ɗaya ce, kamar a makaranta ɗaya aka koya musu: Helma mugu ne, Helma ɗan neman suna ne, kowa ya ji abin da ya faɗa. Wani ya tofar da yawu kusa da takalmina, ya ce wai ƙurar roba ce ta shiga masa maƙogwaro. Na ce Allah Ya sawwaƙe, na ƙara da cewa wanda ya yi saura kaɗan ya taɓa ni gara ya gyara saiti.

Wanda na fara zargi shi ne mai kunnawa, wani dattijo da suke kira Baba Kore, don ko ruwa aka ba shi sai sun ce jira yake fitila ta nuna kore kafin ya sha. Na ce a raina ba yadda za a yi mutum ya tayar da inji bai ga ƙaton namiji kamar Dogo a bakinsa ba. Na hau ɗakinsa na gilashi, na tashe shi daga kujerarsa na zauna. Ba a ganin bakin inji na uku daga nan. Bango ne ya tare rabi, tsibin buhunan roba ya tare saura.

"Kore na gani, 'yata," ya ce, idanunsa sun yi ja don rashin barci. "Tun ina da baƙin gashi kore nake bi."

Daga nan ya shiga tsine wa Helma, ya tsine masa har ya gaji ya koma farko. Na saurara na gane cewa duk faɗin kamfanin nan ba wanda ke buƙatar Helma ya zama mai laifi kamar wannan tsoho, don yatsansa ne ya taɓa maɓallin. Na ji tausayinsa, amma tausayi ba shaida ba ne, na sauko.

Sai na koma tunanin ko wani ne ya shiga da sunan Helma. Hakan mai sauƙi ne a wurin, don rabin ma'aikatan sun liƙa kalmar sirrinsu a jikin allon kwamfuta, ɗaya ma ya rubuta tasa da alli a ƙofa saboda mantuwa. Na ɓata yini guda a kan wannan hanyar ina murna, kafin Sufeto ya gaya mini yana dariya cewa ai Helma da bakinsa ya amsa shi ya adana gyaran.

*

Mai kula da kwamfutocin kamfanin yana wani ɗaki mai sanyi kamar firji. Injiniya suke ce masa. Ya tarbe ni da fara'a mai yawa, wadda ita ce ta farko da na gani a wurin, ya kawo mini kujera da ruwa. Manaja ya biyo mu ya tsaya a bakin ƙofa, hannu a aljihu, ya ce ya zo ne ko za a buƙaci wani abu.

Na tambayi Injiniya ko zai yiwu Helma ya goge kullen Dogo bai sani ba. Na san amsar, aikina ne, amma na fi son mutum ya yi mini bayanin abin da na sani, don a nan ake jin inda muryarsa ke rawa. Tasa ba ta yi rawa ba. Ya ce kowane layi yana da lamba a ƙarshensa, lambar gyara. In ka buɗe layi lambarsa bakwai, kwamfutarka za ta riƙe bakwai ɗin nan. Ka zo adanawa, rumbu zai duba ko har yanzu bakwai ce. In ita ce, ya karɓi gyaranka ya mayar da ita takwas. In kuwa wani ya riga ka ya mayar da ita takwas, sai ya ƙi karɓa, ya ce wani ya gyara layin nan bayan ka buɗe, sake buɗewa ka duba. Ba don wannan ba, da wanda ya adana a ƙarshe zai shimfiɗa tsohon kwafinsa a kan aikin na farko, ya binne shi gaba ɗaya.

Ya ce ma'aikata Suruka suke kiran wannan gargaɗin, don ba ka taɓa yin abu ta ce ya yi, kullum sai ta ce sake. Ya yi dariya, Manaja ya taya shi.

Sannan ya gwada mini. Muka buɗe layi ɗaya a kwamfuta biyu, ya adana, ni ma na danna, Suruka ta fito da jan rubutu ta hana ni. Na sake gwadawa a wani layin, na sake a kwamfutar Helma kanta. Ko'ina tana nan.

"Kin gani, Hajiya," in ji Manaja, cikin muryar mai jimami. "In ma ya buɗe tun safe, dole ta tsayar da shi. Dole ya sake buɗewa, ya ga kullen da idonsa, ya cire. Wallahi ni na kawo shi kamfanin nan, ni ya fi ba wa kunya."

Gani ya kori ji. Na fito daga ɗakin na yarda Helma ne.

*

Na je ganinsa ne don in cika ƙa'ida. Mutum ne mai jiki, amma kwanakin tsare sun rage shi, rigar tana yawo a kafaɗunsa. Ya ce da safe ya buɗe layin inji na uku don ya canza yawan robar da za a zuba, sai aka kira shi waje, direban motar kaya yana faɗa da masu sauke kaya. Ya raba su, ya dawo ya tarar da allon yadda ya bar shi, ya danna adana ya wuce. A allonsa injin a buɗe yake, bai ga kulle ba.

Na tambaye shi me ya yi da gargaɗin ya fito. Ya ce wane gargaɗi. Na kwatanta masa jan rubutun, kalma da kalma. Ya girgiza kai ya ce tun da ya zo kamfanin bai taɓa ganin abu makamancin haka ba.

Raina ya ɓaci. Na ce masa, "Malam, ƙarya ma in za a yi ta a yi ta da tsari. Da idona na gani a kwamfutarka."

Bai yi musu ba. Ya amsa cewa ya faɗi maganar hannu, fushi ne ya sa shi, kuma yana cizon yatsa a kanta dare da rana. Da na tashi tafiya sai ya tambaye ni ko Auta ta zo neman labarinsa. Auta ita ce ƙanwarsa, matar Dogo. Tun tana rarrafe iyayensu suka rasu, shi ya goya ta, shi ya sa ta makaranta, shi ya aurar da ita. Ɗan sandan da ke tsaron ƙofa ya ce ta zo sau ɗaya, ta bar saƙo cewa ita ba ta da yaya. Helma ya ce ya ji wannan, yana tambaya ne ko ta sake dawowa.

*

A asibiti na tarar da ita tana ba mijinta abinci a baki. Dogo ya cika gadon har ƙafafunsa sun fito, dungun hannun a naɗe da farin bandeji a kan matashi. Da na faɗi ko ni wace ce, Auta ta ajiye cokali ta tsaya tsakanina da gadon. Ta ce in na zo neman wa wancan mutumin afuwa ne, ƙofar da na shigo tana nan a buɗe. Na ce tambaya ɗaya ce da ni, kuma ba ita na zo yi wa ba.

Na tambayi Dogo ko a saninsa na bakanike mutum zai iya goge kulle bisa kuskure. Ya juya fuskarsa wajen bango.

"Ba zai yiwu ba," ya ce. "Suruka ba ta barci. Ya gani, ya cire."

Auta ta raka ni har baranda, ba don girmamawa ba, don ta tabbatar na tafi. Ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Shi ya goya ni, na sani, ba sai an tuna mini ba. Shi kuma ya nakasa mini miji saboda kujera. Ki gaya masa ko mutuwa ya yi a can kada a kira ni."

Na ce mata ni ba 'yar aike ba ce.

*

Washegari na koma kamfanin in rubuta rahotona in rabu da su. Ba wanda ya ba ni wurin zama, sai na shiga sito na ja wani benci. Matar da ke kula da siton ta harare ni ta ci gaba da aikinta, tana shigar da kaya a kwamfuta tana mita ita kaɗai, irin mitar da mutum ke yi har ya manta akwai wani a ɗakin. Can jan rubutu ya fito mata. Ta bugi tebur.

"Kai, wannan Suruka. Tun da ta dawo ban ga ta zama ba."

Na ɗago kai na tambaye ta daga ina ta dawo.

Matar ta daskare, yatsunta a kan madannai. Ta ce ba haka take nufi ba, ta ce bakinta ne ya suɓuce, ta ce bari ta zagaya. Na jira har na gaji, ba ta dawo ba, jakarta ma a nan ta bar ta.

Na fito da takardar da kamfani ya buga wa Sufeto na sake dubawa. Ga suna, ga lokaci, ga abin da aka canza. Lambar gyara ce kawai babu, an yanke ta daga gefe. Na yi kwana da kwanaki ina yawo da takardar nan a jakata ban lura ba, kuma haushin kaina da na ji ya fi wanda na ji na kowa a kamfanin.

Na kira Sufeto na ce ya zo da umarni a rubuce. Wannan karon ban nemi Injiniya ya buga mini komai ba, na ce ya tashi daga kujerarsa. Fara'arsa ta gudu. Na shiga tarihin layin inji na uku da hannuna. Lambar doguwa ce, amma ta ƙare da takwas, don haka bari in kira ta takwas. Kullen Dogo, takwas. Gyaran Helma da ya biyo baya, takwas. Ba tara ba.

Sawu biyu ne a gurbi ɗaya. Dukansu daga bakwai suka taso, wato lokacin da Helma ya danna, allonsa bai taɓa ganin kullen Dogo ba, kuma ba abin da ya tsaya a ƙofa ya tambaye shi. Na ja tarihin baya. Irin waɗannan tagwayen lambobi sun cika rumbun, a layin injuna, a layin sito, ko'ina, tun watanni kafin a kawo Helma. Na ja gaba. Tagwaye na ƙarshe su ne na inji na uku. Daga yammacin ranar da Dogo ya rasa hannu ba su sake fitowa ba.

*

Na sa Sufeto ya tara su a ɗakin cin abinci bayan an tashi daga aikin safe. Manaja da Injiniya a gaba, Baba Kore a gefe, matar sito can baya tana ɓoye fuska, sauran ma'aikata tsaye a jikin bango. Na aika wa Auta cewa za a yanke maganar mijinta, ta zo ta zauna kusa da ƙofa. Da aka shigo da Helma da ankwa ɗakin ya ɗauki ihu, wani ya jefo kofin roba ya same shi a ƙirji. Auta ba ta ɗaga kai ba.

Ban yi doguwar magana ba. Na haska tarihin a bango, na ce Injiniya ya karanta lambar kullen Dogo. Ya karanta. Na ce ya karanta ta Helma. Sai da Sufeto ya gyara tsayuwa sannan ya karanta. Na ce to ya maimaita wa jama'a bayanin da ya yi mini a ɗakinsa mai sanyi, ya gaya mana yadda gyara biyu za su fito da lamba ɗaya alhali Suruka tana bakin aikinta.

Ya dubi Manaja. Manaja ya dubi silin.

"An cire ta ne," in ji Injiniya, da ƙyar. "Tun bara. Ranar da abin ya faru Yallaɓai Manaja ya ce in mayar da ita kafin 'yan sanda su iso, kuma in buga takardar ba lamba."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba wanda ya yi mamaki a ɗakin. Mutum ɗaya ne ya buɗe baki don mamaki, shi ne mai ankwa a hannu. Sauran suka sunkuyar da kai kamar an yi musu rasuwa. Dukansu sun sani. Wata da watanni suna adanawa ba mai tsayar da su, kuma da idanunsu suka ga dawowarta washegarin haɗarin. Na yi mako ina bin su da tambaya, suna tofar da yawu.

Manaja ya ga ruwa ya ƙare wa ɗan kada, sai ya miƙe ya juyo wajensu. Ya ce shi ya ba da umarnin cirewa, ya amsa, amma ba zai tafi shi kaɗai ba. Ya ce wa ya dame shi da ƙorafi safe da yamma cewa Suruka tana ɓata lokaci? Wa ya kashe injuna rabin yini ya ce ko ita ko su? Ya nuna su ɗaya bayan ɗaya, har Baba Kore, har matar sito, ya tuna musu lemon da suka saya suka sha a wannan ɗakin ranar da aka cire ta. Sannan ya juya ga Auta.

"Ke kuma da kike zaune kina jin ni. Mijinki ne ya jagorance su. Shi ya shigo ofishina da sufana a hannu, ya buga mini tebur, ya ce shi bakanike ne ba ɗan makaranta ba da na'ura za ta riƙa ce masa sake."

Auta ta miƙe a hankali, ba Manaja ta duba ba, ni ta duba.

"Ke nan ya sani?"

Na so in sassauta mata, amma ban iya wannan ba tun ina yarinya. Na ce mata ya san an cire, kuma yana sane lokacin da ya gaya wa 'yan sanda da ni cewa ba ta barci. Me ya sa ya yi haka, wannan ba ya cikin kwamfuta. A ganina mutum ya fi iya kwana da maƙiyi a ransa a kan ya kwana da sanin cewa shi ya cire abin da zai tsare masa hannu, amma wannan ra'ayina ne, ban sa shi a rahoto ba.

Sufeto ya kwance ankwar. Ya ce wa Manaja da Injiniya su bi shi mota, kuma ya faɗa da ladabin da bai taɓa yi wa Helma ba. Ma'aikatan suka riƙa zamewa ɗaya-ɗaya ta ƙofar baya. Baba Kore ne kawai ya zo kusa da Helma, ya tsaya a gabansa, sannan ya wuce.

*

A bakin ƙofar kamfanin Auta ta tare shi. Ina nan kusa ina jiran mota, kuma ban yi kamar ba na ji ba. Ta durƙusa a kan tsakuwa ta kama gefen rigarsa.

"Yaya."

Ya tsaya yana murza inda ankwa ta ci masa fata. Ta ce ba za ta koma asibitin ba. Ta ce daga nan gidansa za ta bi shi, ta gama da mutumin da ya kwanta yana kallonta tana tsine wa wanda ya raine ta, bai ce uffan ba. Tana magana tana kuka, kalmomin suna hawa kan juna.

Helma ya bar ta ta gama. Sannan ya tambaye ta wa ta bari a wurin Dogo. Ta ce ba kowa.

"To tashi ki koma," ya ce. "Ko zariyar wandonsa ba zai iya ɗaurewa ba."

Ta ce to shi fa, ya yafe mata? Ya zare rigarsa daga hannunta a hankali, yatsa bayan yatsa, kamar yadda ake raba yaro da wuƙa.

"Shi hannu ya rasa, dole a kula da shi. Ni ban rasa komai ba, ai kin ce ba ki da yaya."

Ya tsallaka titi ya bi gefen katanga, bai waiwayo ba. Motata ta zo, na riƙe ƙofar na ce mata ta shigo, asibitin a kan hanyata yake. Ta daɗe a durƙushe tana kallon inda ya bi kafin ta tashi ta shiga.